Idan ciwon ƙugu ya sauka ƙafa: yadda ake lallaɓa faifan baya har ya warke

Duk wanda ya shigo mini ɗakin gashi, wato sashen gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti, yana dafe da ƙugu yana jan ƙafa ɗaya, kafin in karɓi takardar hoton da ya riƙo sai na ce ya nuna mini da yatsa inda ciwon yake tsayawa. Wani a ɗuwawu yake tsaya masa, wani a bayan cinya, wani kuwa sai ya bi sha-raɓa ya dire a ƙaramin yatsan ƙafa. Da wannan amsar muke auna komai har ranar sallama, kuma ita nake so ka iya dubawa da kanka, domin a mako bai fi ka yi awa ɗaya ko biyu a hannun likitan gashi ba. Sauran lokacin kai ne da bayanka.

Gadon baya ƙananan ƙasusuwa ne a jere, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sannan ƙashin mazauni. Tsakaninsu akwai faya-fayai 23 da ke hana su gugar juna, waɗanda a asibiti muke ce wa diski. Kowane faifai zobe ne mai tauri, tsakiyarsa kuma wani abu ne mai laushi mai yauƙi. Idan mutum ya duƙa, gaban faifan ne ke matsuwa, abin cikin ya turu baya, yadda ƙullin alala ke yi in ka danne gefe ɗaya na ledar. Shekara da shekaru ana duƙawa, ana ciccibar kaya, ana dogon zama, sai zoben ya fara tsattsagewa ta baya, wata rana abin cikin ya ɓullo daidai inda jijiyar ƙafa ke fitowa. Ya danne ta, ya kuma sa ta kumbura, kumburin nan ne ma ya fi kawo azabar da mutane ke cewa wutar lantarki ke jan su. Sau da yawa ƙaramin abu ne ke ƙarasa shi, ɗaukar buta ko atishawa.

Ka lura babu ƙashin da ya goce a nan. Saboda haka babu abin da mai ɗori zai mayar, kuma ɗora yaro ya tattaka maka baya ba zai tura komai ciki ba. A gida za a ce maka basir ne ko sanyi. Ba na ganin laifin masu faɗa, domin su kansu likitocin zamani sai a 1934 ne William Mixter da Joseph Barr na birnin Boston a Amurka suka nuna musu cewa faifan baya ne ke haddasa ciwon nan da ke bin ƙafa. Amma wata biyun da za a yi ana shan jiƙon basir, jijiyar tana nan a danne.

Kusan 9 cikin 10 na wannan matsala a ƙugu a faifai biyu na can ƙasa take faruwa, waɗanda za ka ga an rubuta L4-L5 da L5-S1 a takardar hoto, kuma da irin waɗannan lambobi ake kiran jijiyoyin da ke fitowa a wurin. Ga gwajin da za ka yi yau a tsakar gida. Dafa bango ka yi taku goma a kan dunduniya, yatsu a sama, sannan ka yi goma da ɗage. Idan tafin ƙafar ya ƙi ɗaguwa ko babban yatsa ya yi lagwas, jijiyar L5 ce ta taɓu. Idan ɗagen ne ya gagara, S1 ce. Ka riƙa maimaitawa kowace safiya. Ana iya haƙuri da zafi a lallaɓa shi, amma ƙarfin ƙafa da ke raguwa kullum ba abin jira ba ne.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

Idan tsakanin cinyoyi da al'aura da dubura suka sage, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zubowa mutum bai sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce, ko ƙafafu biyu suka mutu lokaci ɗaya, to tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka ne aka danne gaba ɗaya. Wannan tiyatar gaggawa ce, awoyi ake lissafawa. A nufi babban asibiti ko tsakar dare ne: a Kano irin su Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya asibitin Shika. Na san kunya ke hana mutane faɗin wannan, musamman iyayenmu mata, shi ya sa nake tambaya kai tsaye: "Hajiya, ki gafarce ni, idan kin yi tsarki kina jin ruwan yana taɓa ki?" Wanda ke jinyar mahaifiyarsa kuma nauyi ya hana shi, ya sa 'yar'uwarsa ta tambaye ta.

Haka nan ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama, ko wanda ko an kwanta ba ya lafawa. A ƙasarmu tarin tibi yana kama ƙashin baya, kuma maganinsa daban ne. Wanda ya taɓa yin ciwon daji, da mai sikila, da wanda ya faɗo daga babur ko bishiya, duk likita za su fara gani kafin a yi maganar motsa jiki.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka kwantar da hankalinka. Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ta taɓa su ba, domin jiki da kansa yake cinye abin da ya ɓullo ɗin. Wani nazari da aka fitar a 2017, wanda ya tattara binciken da aka yi ta sake ɗaukar hoton marasa lafiya bayan watanni, ya gano kusan biyu cikin uku na faya-fayan da suka ɓullo sun motse da kansu. Manyan da suka fi ba da tsoro a hoto ma su suka fi motsewa. Aikinka da nawa shi ne mu daina fama wurin, mu kuma hana jiki sandarewa kafin ya gama gyaransa.

Kwanakin farko

Kwanciyar yini ɗaya ko biyu ta isa. Wanda ya shafe mako biyu a katifa yana jiran ciwo ya wuce, da raunin tsoka da tsoron motsi zai tashi, ciwon kuma yana nan. Kwanta a rigingine ka ɗora ƙwaurinka a kan kujera ko filo biyu, ko ka kwanta ta gefen da ba ya ciwo da filo tsakanin gwiwoyi. In za ka tashi kada ka zabura ta gaba. Mirgina gefe tukuna, kafaɗa da ƙugu tare, sauke ƙafafu ƙasa, sannan ka tura jikinka sama da hannu. Duk bayan awa ɗaya ko biyu ka miƙe ka zaga tsakar gida na minti biyar, ko da kana bin bango. Zama shi ne babban mai fama ciwon a wannan lokaci, musamman kujerar falo mai lotsawa da zaman tabarma da miƙe ƙafa. In ya zama dole, nemi kujera mai tauri, sa tawul a naɗe a bayan ƙugu, kada ka wuce minti 20.

Ɗumi yana taimakawa: ruwan zafi a gora, a naɗe ta da tawul, minti 15 zuwa 20 a ƙugu. Kada a ɗora inda fata ta sage, kuma mai ciwon suga ya yi hattara, don zai ƙone bai ji ba. Magungunan rage zafi irin su ibuprofen da diclofenac suna da amfani na 'yan kwanaki idan likita ya rubuta, amma suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Mai olsa da mai hawan jini da mai juna biyu kada su sha da ka. Abin da nake roƙo a guje wa shi ne haɗin nan da ake ƙullawa a leda a wasu kemis, ƙwayoyi biyar ko shida babu suna. Akan sami sitiroyid a ciki. Mutum zai ji garau kwana biyu ya koma ya sake saye, bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Tramadol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu.

Lokacin da na fi ja wa mutane kunne a kansa shi ne asuba. Da dare faifan baya yana tsotsar ruwa ya cika, shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe da kamar santimita ɗaya ko biyu. A ciken nan ya fi saurin turuwa in an duƙa. Mu kuma abin da muke fara yi da mun farka shi ne mu tsuguna ko mu zauna a 'yar kujera mu dunƙule don alwala. Ka tashi da ɗan wuri ka zaga tsakar gida tukuna. Ɗora butar a kan abu mai tudu, ka yi alwalar a tsaye ko a kujera mai tsayi, in ka zo wankin ƙafa ka ɗago ta ka ɗora a kan dakali ko bokitin da aka kifa, kada ka bi ta ƙasa. A ruku'u ka lanƙwasa daga kwankwaso, baya a shimfiɗe, hannu a gwiwa yana ɗauke da nauyinka, dama haka malamai suka koyar. Idan duk da haka ruku'u ko sujada na harba ciwon zuwa ƙafa, addini ya yi sauƙi, hadisin Imrana bin Husaini a kan sallar mara lafiya sananne ne. Sai dai mai wannan ciwo sau da yawa tsayuwa ta fi masa zama sauƙi, don haka kada ka ɗauka kujera ce mafita kai tsaye. Ka gaya wa malaminka takamaimai abin da kake iyawa da wanda ya gagare ka, ya faɗa maka yadda za ka yi.

Motsin da ke janyo ciwo daga ƙafa

Hanyar da na fi fara gwadawa ta Robin McKenzie ce, wani likitan gashi ɗan ƙasar Niyu Zilan, wanda tun a shekarun 1950 ya lura cewa wasu masu ciwon ƙafa suna samun sauƙi idan suka banƙare.

Shimfiɗa tabarma ko bargo a ƙasa, ban da katifa mai laushi. Kwanta rub da ciki, hannuwa a gefe, saki jiki, ka yi numfashi a hankali minti biyu ko uku. In hakan ma ya gagara, sa filo a ƙarƙashin ciki, bayan ɗan lokaci ka zare. Da ka iya wannan sai ka tokare da gwiwar hannu ka ɗago ƙirji, ka yi minti biyu a haka. Daga nan ka dafa tafin hannu a ƙasa daidai kafaɗa, ka miƙe hannuwan ƙirji ya tashi, amma mara ta zauna a ƙasa, ɗuwawu a sake. Hannu ne ke aikin, baya ba ya yin komai. Tsaya daƙiƙa ɗaya ko biyu ka sauka. Sau 10, duk bayan awa biyu ko uku da rana. A shago ko ofis inda babu wurin kwanciya, miƙe tsaye ka dafa ƙugu da hannu biyu ka banƙare a hankali.

Bayan kowane goma ka tashi ka taka, ka duba ina ciwon ya tsaya yanzu. In da yana kaiwa idon sawu yanzu ya tsaya a gwiwa, ko da yana gwiwa ya dawo ɗuwawu, to an kama hanya, ko da kuwa ƙugun ya fi ɗazu zafi. Wannan ne ke ruɗa mutane. Wani direban a-daidaita-sahu ya dawo mini ransa a ɓace: "Likita, abin nan da ka ba ni ƙara mini ciwo ya yi, bayana kamar zai ɓalle." Na ce, "Malam, ƙafar fa?" Ya yi shiru, ya taka, ya sake takawa, ya dubi yatsunsa cikin silifas yana motsa su, sai ya ce rabon da ya ji ƙaramin yatsan nan na zugi tun shekaranjiya. Ciwon ya bar ƙafa ya tattaru a ƙugu, kuma haka ake so, daga can yake ƙarewa. Amma in akasin haka ka gani, ƙugu ya yi sauƙi ciwo ya ƙara gangarawa ƙasa, ko sagewa ta ƙaru ta kuma zauna bayan ka gama, ka dakata nan take ka koma wurin wanda ya ba ka motsin.

Ba kowa banƙarewa ke yi wa amfani ba. Wanda ciwo ya karkatar gefe, kafaɗa na wani wuri ƙugu na wani wuri, sai an fara gyara karkacewar a hannun likitan gashi. Dattijon da ƙafafunsa ke nauyi in ya yi tafiya, su sake da zarar ya zauna ko ya duƙa, yawanci ƙuncin hanyar jijiya ke damunsa, banƙarewa ƙara masa za ta yi. Mai juna biyu ma ba za ta kwanta rub da ciki ba. Shi ya sa ko sau ɗaya ne a fara zuwa a duba ka, kuma ka tabbatar wanda zai taɓa ka likitan gashi ne mai rajista da MRTB, hukumar da ke yi wa likitocin gashi rajista a Najeriya, ba duk mai na'urar tausa a shago ba.

Idan zafin ya fara lafawa amma bayan cinya na ɗaurewa, kada ka miƙe ƙafa ka riƙa jan yatsu da sunan sakin tsoka. Jijiya ce a kumbure, ja ƙara fusata ta yake yi. Zauna a bakin kujera, ka miƙe gwiwa kana ɗaga kai sama, sannan ka sauke ƙafar kana sunkuyar da kai, a hankali, sau 10, ka riƙa tsayawa kafin inda zafi ke farawa.

Da ciwon ya bar ƙafa, sai gina tsokar da za ta riƙe ƙugun. A nan mutane suke guduwa, sun ji sauƙi sun koma kasuwa, kafin shekara ta zagayo su dawo da abin da suka tafi da shi. Kwanta a rigingine, gwiwa a lanƙwashe, ka ɗaga ɗuwawu har cinya da ciki su daidaita. Sai a rarrafe, ka miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya ba tare da ƙugu ya karkata ba, sannan ka canza. Sai ta gefe, ka tokare da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa ka ɗaga kwankwaso. Kowanne ka riƙe daƙiƙa 8 zuwa 10 kana numfashi, sau biyar zuwa goma. Ban da motsin nan na kwanciya a tashi zaune da ake yi don rage tumbi. Ka haɗa da tafiya da ɗan sauri, hannu na lilo, ka fara da minti 10 ka kai 30.

A 1999 wasu masu bincike a Jamus ƙarƙashin Hans-Joachim Wilke sun sa na'urar awo a cikin faifan bayan wani mutum mai lafiya. Ɗaga kaya mai kilo 20 a duƙe, baya a lanƙwashe, ya ninka matsin da ke kan faifan a tsaye fiye da sau huɗu. Da aka rungume kayan a jiki kuwa matsin ya ragu da kusan rabi. Kilo 20 jarkar ruwa ce mai lita 20, irin wadda ake saukewa daga kura kullum. Don haka matso har kayan ya taɓa ƙafarka, buɗe ƙafa, sauka da gwiwa da kwankwaso, rungume, tashi, in za ka juya ka juya da ƙafa. Duƙawa haɗe da murɗa jiki, irin ta mai loda buhu daga ƙasa zuwa mota, ita ta fi ɓarna. Buhu mai kilo 50 kuwa, a ganina, na mutum biyu ne ga duk wanda ya taɓa yin wannan ciwo.

A cikin gida mata ne suka fi shan duƙawa: shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a baho a ƙasa, wanke-wanke, tuƙin tuwo a murhu, goyo. Ki ɗaura wa tsintsiya sanda. Ki ɗora bahon a kan benci ko turmin da aka kifa. Yaro ki sa shi ya hau gado ko kujera kafin ki goya shi. Maigida kuma ya ɗauke mata ɗibar ruwa da wanki na wata biyu, wannan ma cikin magani yake. Direba da tela da ma'aikacin ofis su cire walat daga aljihun baya, su miƙe duk bayan minti 30 ko 40. Yunƙuri a bayan gida yana harba ciwon, a sha ruwa, a ci zogale da rama da gwanda. In atishawa ta taho, miƙe ka dafa ƙugu, kada ka duƙa da ita. Mai shan taba ya sani cikin faifai babu hanyar jini, daga gefe yake tsotsar abincinsa, taba kuma tana rage masa wannan ɗan abin.

Hoto, na'ura da tiyata

Eksire ƙashi kawai yake nunawa. Hoton MRI, wanda ke nuna har tsoka da jijiya, shi ke nuna faifai, amma ba kowa ke buƙatarsa a farko ba. A 2015 an tattara hotunan mutane sama da 3,000 da ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka tarar kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya ɗan turo, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 84. Abin da aka rubuta a takarda sai ya dace da abin da ƙafarka ke nunawa kafin a ɗora masa laifi. Na sha ganin wanda tsoron takardar ya fi ciwon kwantar da shi. Lokacin hoto shi ne idan akwai alamomin haɗarin nan, ko ƙarfi na raguwa, ko an yi mako shida ana abin da ya dace babu canji.

Mutane da yawa in ba a haska musu jar fitila ko an manna musu wayoyin lantarki ba, gani suke ba a yi musu komai ba. Nakan kunna fitilar wani lokaci don mutum ya sami sararin motsi, amma daɗin minti 20 ne. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2016, ta ce kada a ba masu ciwon ƙugu na'urar jan baya, ko bel ɗin ɗaure ƙugu, ko wayoyin lantarkin nan; tausa ma ta ce sai an haɗa ta da motsa jiki. Ƙaho da tsaga fata suke taɓawa, faifan yana can ciki. Idan ka yi ta zuwa wuri ana kwantar da kai ana tashinka ba a taɓa koya maka motsi ko ɗaya ba, ka tambayi dalili.

Tiyata kuma ba abin gudu ba ce idan lokacinta ya yi. A wani gwaji da aka yi a Holan aka wallafa a 2007, an raba mutum 283 da suka yi mako 6 zuwa 12 da ciwon ƙafa gida biyu, wasu aka yi musu aiki da wuri, wasu aka ci gaba da lallaɓawa. Waɗanda aka yi wa aiki sun fi saurin rabuwa da ciwon, kusan kashi 40 cikin 100 na masu jiran ma daga baya sai da aka yi musu, amma bayan shekara guda ɓangarorin biyu sun zo daidai, kusan kashi 95 sun warware. Wanda ƙafarsa ke da ƙarfi yana da damar ya zauna da likitan tiyata su auna. Wanda ƙafarsa ke mutuwa kada ya ja lokaci. Bayan aikin ma ɗakin gashi za a dawo.

Zafi ne ke fara tafiya, ƙarfi ya biyo baya, sagewa ce ta ƙarshe, takan yi watanni, wani ma ɗan wuri a gefen ƙafa yakan zauna masa haka. Muddin ba faɗaɗa take ba, kada ta hana ka komawa nema. Ka dai riƙa duba tafin ƙafar da yamma saboda ƙaya ko ƙusar da ba za ka ji ba, ka kuma taɓa ruwan wanka da hannu kafin ka zuba. Aiki a koma masa da kaɗan-kaɗan: direba ya fara da rabin yini, ɗan dako da rabin kaya, manomi ya sa wa fartanya doguwar ƙota ya riƙa miƙewa a ƙarshen kowace kunya. Motsin ƙarfafa ƙugu kuwa a ci gaba da shi sau biyu ko uku a mako ko bayan an warke, domin faifan da ya taɓa tsagewa yana iya sakewa.